Neman diyyar Kawu: ƙurar silin, mataccen kamfani da wa'adin shekara ɗaya

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kafinta, mazaunin Tudun Wada a Zariya. Ba zan ambaci sunansa ba, haka ma kamfanoni biyun da ya yi wa aiki, domin har yau maganar ba ta kai ƙarshe ba. Ni ne ɗan aiken gidan a wannan lamari. Fayil ɗin a hannuna yake, ni na yi ta safa da marwa tsakanin Shika da Kaduna, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana tun ban fara mantuwa ba.

Da tari da haki abin ya fara. Mutumin da ke hawa tsani da katako a kafaɗa ya koma sai ya tsaya sau biyu kafin ya kai masallacin unguwa. A wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga ruwa ya taru a ɓangaren dama, aka ce tarin fuka ne. Gwajin kaki bai nuna komai ba, amma duk da haka aka ɗora shi a kan magani. Ban ga laifinsu sosai ba, don a ƙasar nan in dattijo ya zo da rama da ruwa a ƙirji, tarin fuka kowa zai fara kawowa a ransa. Wata huɗu yana haɗiyar ƙwayoyin nan, fitsarinsa ya koma ja, ruwan kuwa ana zuƙewa yana dawowa, na ƙarshen ma har da jini-jini. Daga nan aka tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

A can ne wani matashin likita ya yi tambayar da babu wanda ya yi mana a baya.

"Baba, wane aiki kuka yi a rayuwarku? Ku faro mini tun daga na farko."

Kawu ya ce kafinta.

"Kun taɓa yanka silin ɗin nan na asbestos?"

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ɗan nan, ai da shi na aurar da 'ya'yana."

Aka yi hoton na'ura mai leƙa ciki, aka yanko ɗan nama daga tantanin da ya lulluɓe huhu, aka yi masa gwaji na musamman. Bayan makonni sakamako ya fito da suna mai wuyar faɗi, mesoteliyoma. Ciwon daji ne na wannan tantanin, kuma kusan duk inda aka gan shi, in aka bi sawu, za a tarar da ƙurar asbestos a baya, wato wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗa silin da kwanon rufi da shi. Zarenta siriri ne ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya-ɗayansa, in ya shige ƙirji jiki ba ya iya narkar da shi. Yakan kwanta shekara 20, 30, har 50 kafin ciwon ya bayyana. Likitan bai ɓoye mana ba: akwai maganin da ke rage gudunsa da zafinsa, amma yawancin masu shi ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan an gano.

Da daddare na zauna da Kawu da littafi da biro, na ce ya ba ni labarin aikin. A farkon shekarun 1980 ya shiga wata masana'anta a nan Zariya, sashen gyare-gyare, ya yi kimanin shekara goma sha biyar. Silin da kwanon rufi na asbestos da zarto suke yankawa, a cikin ɗaki, ƙura ta yi musu fari fat a gira da gemu kamar masu injin niƙa. Wanda ya fi muni shi ne aikin tukunyar tururi. Duk shekara in an tsayar da injuna, su ake sa wa su farfashe tsohon rufin bututan da guduma, sannan su zazzage sabon gari daga buhu, su kwaɓa shi da ruwa a kwanon lebura da hannunsu, su shafe bututan da shi kamar yaɓe. Na ce, "Kawu, ba a ba ku abin rufe hanci?" Ya ce hankici suke ɗaurawa, in zafi ya yi yawa su cire. In an tashi aiki kuma a ba kowa gwangwanin madara, wai tana wanke ƙura. Ya ce shi gida yake kawo tasa a yi wa yara shayi.

Wannan madarar ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Wanda ya ba da ita ya san akwai abin da ke shiga ƙirjin mutanen nan. Kuma duniya ta riga ta sani: tun 1960 likita Wagner da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan mutum 33 masu irin wannan ciwon a Afirka ta Kudu, kusan dukkansu suna da alaƙa da yankin da ake haƙar asbestos. Wato ranar da Kawu ya fara kwaɓa garin nan, an yi shekara ashirin da sanin abin da yake haifarwa. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

Masana'antar ta mutu a tsakiyar shekarun 1990, tare da 'yan'uwanta da yawa a Arewa. Kawu ya yi 'yan shekaru yana buga-buga, sannan ya samu shiga wani kamfanin kwangila mai gyaran tsofaffin gine-gine. A nan ya yi kusan shekara ashirin, kuma babban aikinsa shi ne ɓamɓare tsohon silin a sa sabo. Ƙurar da ya baro a can ita ya sake tararwa.

Da na fara kawo maganar diyya, Kawu ya haɗe rai. Ya ce, "Ciwo daga Allah yake. Ni ba zan kai ƙarar wanda na ci abinci a hannunsa ba." Inna, matarsa, ta bi bayansa, ta ce kada a ja wa Malam magana yana kwance. Wata biyu cur muka yi a kan wannan. Limamin unguwa ne ya warware ta, ranar da ya zo dubiya. Ya ce masa yarda da ƙaddara daban, barin haƙƙin iyali daban, ai shari'a da kanta ta san diyya ko da a kan kuskure ne. Ya ƙara da cewa, "Malam, in kai ka yafe naka, na yaran nan biyu da ke makaranta fa, wa ya ba ka izinin yafe musu?" Kawu bai ce komai ba. Washegari ya ce in nemo lauyan.

Wani abokina da ya yi karatun shari'a a Kongo ya haɗa ni da wata lauya a Kaduna mai harkar shari'ar ma'aikata. Ta zo har gida. Ta gaida Kawu a durƙushe, ta saurare shi ya gama, sannan ta fara lissafi da yatsu. Wata huɗu na maganin tarin fuka, wata biyu na jiran sakamako, wata biyu na gardama. Ta ce, "Baba, wata takwas sun tafi cikin goma sha biyu."

Ta yi mana bayani. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ita ke aiki yanzu, kuma hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke riƙe da asusun diyyar. Kowane mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, daga aljihunsa, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. In ma'aikaci ya ji rauni ko ya kamu da ciwon da aiki ya jawo, asusun ne ke biya, kuma ba sai an tabbatar da sakacin kowa ba. Ciwon dajin da asbestos ya haddasa yana cikin jerin cututtukan da dokar ta lissafa. Amma akwai wa'adi hawa-hawa. Ma'aikaci ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, takardar neman diyya kuma ta shiga cikin shekara ɗaya daga ranar da ciwon ya hana mutum aiki. In akwai uzuri mai ƙarfi hukuma na iya karɓa har zuwa shekara uku, amma Barista ta ce ba ta son mu dogara da alfarma.

Duk wanda ya karanta waɗannan kwanaki zai gane da wa aka rubuta su: mutumin da inji ya datse wa yatsa ranar Talata, kowa ya gani, helma ya rubuta a littafi. Ciwon Kawu kuwa babu ranar da za a nuna a ce yau ya same shi.

Na tambaye ta maganar masana'antar farko, tunda a nan ya fi shaƙar abin, kuma lissafin shekarun ya fi nuna can. Ta girgiza kai. A shekarunsa na ƙarshe a can, tsohuwar dokar 1987 ce ke aiki, wadda ta ɗora biyan diyya a wuyan kamfani kai tsaye. Mun duba a Hukumar Rajistar Kamfanoni, sunan yana nan amma babu rai a cikinsa. Filin an sayar tuntuni, babu wanda ya san wane kamfanin inshora suka yi hulɗa da shi, ko ma sun yi. Ta ce ko mun kai ƙara mun yi nasara, takarda za mu riƙe. A Ingila sun yi wa irin wannan ramin murfi da dokar 2014, wadda ta kafa asusu don masu mesoteliyoma da kamfaninsu ya ɓace. A Amurka kamfanin Johns-Manville mai sarrafa asbestos ya shiga kotun fatara a 1982 saboda yawan ƙararraki, aka ware dukiya a asusun amana da ke biyan mutane. Ma'aikatan Afirka ta Kudu, su kusan 7,500, har Landan suka bi uwar kamfanin Cape mai haƙar asbestos, bayan babbar kotun Ingila ta ba su dama a 2000. Masana'antar Kawu ba ta da uwa a waje, ba ta bar asusu ba.

Saboda haka ƙofa ɗaya ta rage, ta kamfanin kwangila, wanda ke raye kuma yana da rajista da asusun.

Ni na kai wasiƙar sanarwa. Manajan ya karɓe ni da fara'a, ya yi wa Kawu addu'a, ya karanta, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Ai Malam ba ma'aikacinmu ba ne, ɗan jinga ne. In aiki ya samu mu kira shi." Da na ce shekara kusan ashirin fa, sai ya sauya hanya, ya ce wannan ciwo ai tsohon kamfaninsa ne ya sa masa, su me ya shafe su. Can kuma ya tuna cewa Kawu ya taɓa shan taba da ƙuruciya. Na dawo gida raina a ɓace.

Barista ba ta damu da biyun ƙarshe ba. Taba tana ninka haɗarin dajin huhu ga wanda ya shaƙi asbestos, amma ba ita ke kawo mesoteliyoma ba, kuma likita zai rubuta haka. Batun wane kamfani ne ya sa masa, babu likitan da zai iya nuna zaren da ya fara ɓarnar, kuma dokarmu ta ce a biya in yanayin aiki ne ya jawo ciwon, ko a wuri ɗaya aka yi aikin ko a wurare da yawa. Ta ce Turawan Ingila sai da suka kai wannan gardama har kotun ƙoli a 2002 a shari'ar Fairchild kafin su daidaita. Ta farkon, wato maganar jinga, ita ce mai haɗari. Dokar ta haɗa da mai aikin wucin gadi, da na rabin lokaci, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Amma mai cin gashin kansa da ake ba jinga ya kawo kayan aikinsa ya yi ya tafi, wannan wata magana ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne me ya sa suke gudu, tunda ba su za su biya ba. Ta ce in suka amsa cewa ma'aikacinsu ne, sun amsa ke nan cewa shekara da shekaru ba su sa sunansa a lissafin da suke kai wa hukuma ba, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Daga nan aiki ya koma tonon takardu. Kawu bai da takardar ɗaukar aiki, bai da ta albashi, ba a taɓa buɗe masa asusun fansho ba. Abin da ya cece mu tsohuwar wayarsa ce mai madannai, wadda bai iya goge saƙo ba. Saƙonnin banki suna nan a jere, ƙarshen kowane wata, kuɗi iri ɗaya, da sunan kamfanin. Muka je banki muka karɓo cikakken bayanin asusu mai hatimi. Ɗan jinga ba ya karɓar adadi ɗaya duk wata har da watan da ba a yi aiki ba. Inna kuma ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ƙasan zannuwan aurenta muka samu katin shaidar masana'antar farko, hoton ya dushe amma lambar na nan, da katin asusun ajiyar ma'aikata na ƙasa, wanda aka kafa a 1961 kuma daga baya ya rikiɗe ya zama NSITF ɗin da muke shirin zuwa. Akwai kuma hoto ɗaya na walimar ƙarshen shekara, su tara a tsaye gaban tukunyar tururi. Kawu ya bi su da yatsa yana kiran suna. Biyar sun rasu. Ya ce biyu a cikinsu da tari suka tafi, amma babu wanda ya yanki namansu ya gwada, don haka ban sa wannan a fayil ba.

Biyu daga cikin masu ran muka samu, ɗaya a Sabon Gari ɗaya a Samaru. Na Samarun da ya ji abin da ke tafe da ni, ya yi shiru, ya dafa ƙirjinsa, ya ce abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai. Dukansu sun yi takardar rantsuwa a kotu a kan irin aikin da suka yi tare. Tsohon helman kamfanin kwangilar, wanda ya riga ya bar su, shi ma ya yi tasa, ya ce Kawu na sa hannu a rajistar zuwa aiki kowace safiya kamar kowa.

Ana cikin haka manajan ya zo dubiya da ambulan mai kauri, wai a sayi magani, da wata takarda a sa hannu. A lokacin mun sayar da filin Inna na gado saboda allurai, kuma zagaye na gaba na jiran kuɗi. Ba zan yi ƙarya ba, hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na kira Barista a waya. Ta ce doka ta riga ta soke duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi da mai aikinsa a kan ya bar haƙƙin diyya, amma takardar ta ce Kawu "ɗan kwangila mai zaman kansa" ne, kuma wannan layin suke so. Kawu da kansa ya tura takardar gefe. Ya ce wa manajan, "In sadaka ce, Allah ya ba da lada. In ciniki ne, ɗauki abinka." Ya ɗauki abinsa.

Saura kwana goma sha wani abu shekarar ta cika muka shigar da takardu a ofishin hukumar da ke Kaduna: fom, rahoton likita mai cewa aikin asbestos ne sanadi, sakamakon gwajin nama, bayanin banki, takardun rantsuwa uku, da kwafin wasiƙar da kamfani ya ƙi amsawa. Aka karɓa aka buga hatimi. Ɓangaren da ya kamata kamfani ya cike shi ne ya rage fanko, kuma ƙin kai rahoto laifi ne a dokar. A hanyar dawowa Barista ta faɗa mini wani abu da ba ta faɗa a gaban Kawu ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, amma in ya kai shekara 55 lokacin da abin ya same shi, ƙa'idar shekara biyu ce. Kawu ya haura sittin. Ta ce ko ta wannan lissafin, ba ta jin zai cinye su.

Bai cinye ba. Da jiki ya yi tsanani ya ce a mayar da shi gida, kuma a ɗakinsa ya cika, cikin dare, wata uku bayan mun shigar da takardun. Kafin hantsi an kai shi makwancinsa. Tun yana raye Barista ta ja ni gefe ta ce in tanadi maganar takardar shaidar rasuwa, ni kuma na kasa, don ji nake kamar ina kiran abin. Takardar da muka karɓo daga Hukumar Ƙidaya ta tabbatar da rasuwar. Dalilinta kuwa sai da na koma Shika wurin likitansa ya rubuta rahoto. Da ba a yanki naman nan tun yana raye ba, da mun rasa abin riƙewa, domin babu wanda zai yarda a taɓa gawar Kawu, ni ma ba zan yarda ba.

Yanzu neman ya koma sunan Inna da yaran biyu. Matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye da ke ƙarƙashin kulawar mamacin, dokar ta tanadar mata kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Sai dai albashin da ke rubuce ake nufi, kuma kamfanin rabi yake turawa ta banki, rabi ya ba shi a hannu. Bayan sadakar bakwai manyan 'ya'yansa suka tambaya ko za a sa kuɗin cikin gado a raba. Barista ta ce musu doka ta ba waɗanda ke ci a hannunsa ne, wata-wata, ba dunƙule ba. Ɗaya daga cikinsu har yau gaisuwarmu sama-sama ce. In hukuncin hukuma bai yi mana ba, muna da kwana 180 mu nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna. Kamfanin dai ya ɗauki nasa lauyan, yana nan a kan bakansa na jinga.

Likitan ya ce a kawo Inna a ɗauki hoton ƙirjinta. Shekara goma sha biyar ita ke kakkaɓe kakin Kawu a tsakar gida kafin ta jiƙa shi, kuma an san matan ma'aikata da suka kamu ta wannan hanya. Hoton ya fita lafiya, an ce ta riƙa dawowa. Ita ba ma'aikaciyar kowa ba ce, dokar 2010 ba ta san da zamanta ba in abin ya zo ta kanta.

Silin ɗin ɗakin Kawu ragowar yanke-yanken masana'antar ne, shi ya kawo ya buga da hannunsa kafin a haife ni. Bayan arba'in yayyena suka ce a ɓamɓare shi a zubar. Na tambayi likitan, ya ce muddin bai fashe ba, barinsa ya fi taɓa shi, a dai shafe shi da fenti kada a huda, in kuma dole sai an cire to a jiƙa shi sharkaf, a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da an karya ba. Muka sayi fenti galan biyu muka shafe. Inna na kwana a ɗakin. Akwai tsaga ɗaya ta wajen taga, ita nake fara dubawa duk ranar da na je gaishe ta.